Yatsu Huɗu a Kafaɗar Auta

Duk wanda ya san Baba Tsaf ya san ƙafarsa ta dama ba ta san zama ba. Yana cin abinci tana rawa, yana sauraron labari tana rawa, har matarsa ta ce shekara talatin da 'yan kai da aurensu ba ta taɓa ajiye cikakken kofin shayi a teburin da yake zaune ba. Idonsa ma haka yake. In ka tsaya yi masa magana, ba bakinka yake kallo ba, zaren da ya fito a wuyan rigarka yake kallo, kuma kafin ka kai ƙarshen zancen ya miƙo hannu ya tsinke shi. Ba raini ba ne, Allah ya sani. Shi dai duk abin da bai zauna daidai ba ƙaiƙayi yake yi masa a jiki.

Sana'arsa gyaran hoto. Ya fara tun yana ɗan shekara goma sha shida a wani shagon ɗaukar hoto, zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, ana gyara da fensir mai tsini da reza da wani burushi da gashinsa bai fi a ƙirga ba. A nan ya koyi kankare ƙurji daga kumatun amarya, da buɗe idon angon da ya ƙifta, da cike wa tsoho gurbin haƙori. In ya gama sai ya ɗaga hoton sama, ya karkata kai, ya ce, "Tsaf!" Sunan ya bi shi tun yana Ɗan Tsaf har furfura ta mayar da shi Baba Tsaf.

Da zamani ya juya aka rufe ɗakin duhu, bai zauna yana kukan da can ba, don zaman ma bai iya ba. Ya koyi kwamfuta da gemunsa fari, ya samu wani lungu a shagon buga takardu, tebur ɗaya tsakanin taga da babban inji. Mai shagon abokinsa ne, wani ƙato mai sanyin magana da kowa ke kira Mai Inji. Nan mutane ke kawo wa Baba Tsaf katin gayyata, da tsohon hoton kaka a ƙara masa girma, da kuma aikin da ya fi suna a kai, wato cire mutum. A cire tsohon miji a bar mata da kujera. A cire abokin kasuwancin da aka ɓata da shi. A cire ɗan wucewar da ya leƙo da baki buɗe. Yana cirewa ya cike gurbin da bango ko ganye, ko kai da aka ɗauki hoton a gabanka sai ka fara shakkar kanka. Doka ɗaya gare shi tun zamanin fim: ba ya jefar da asali. A ƙarƙashin teburinsa akwai gwangwanayen biskit tara cike da negatif, baƙin fim ɗin nan da ake wanko hoto daga jikinsa, kowanne a ambulan ɗinsa da kwanan wata.

A falon gidansa, saman talabijin, akwai hoton iyali cikin gilashi. Shi da matarsa a zaune, 'yarsu Auta tsaye a gefe da farar riga tana 'yar shekara bakwai, bayanta wani labule mai ruwan toka ya sauko har ƙasa. Baƙo zai ce mutum uku aka ɗauka. Huɗu ne. Inda labulen nan yake, babban ɗansa ne a tsaye, wanda Auta ke ce wa Yaya, duk gidan suka bi bakinta.

Yaron nan tun yana shekara huɗu ya faɗo daga benci ya fasa goshi, tabon ya zauna saman girarsa ta hagu. Babu hotonsa ko ɗaya da tabon ya fito, uban ba ya bari. Da ya gama sakandare ya cike takardar neman jami'a, ya rubuta cewa kiwon kifi yake so ya karanta, ya ba uban ya jefa masa a gidan waya tunda hanyarsa ce. Baba Tsaf ya buɗe takardar a shago, ya gani, ƙaiƙayin ya taso. Wa ke zuwa jami'a ya koyi kifi? Ya ɗauko reza ya kankare wurin, ya rubuta aikin lauya da irin rubutun yaron sak, har 'yar karkatar da yake yi wa haruffansa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, abin takaicin ke nan. Bayan wata huɗu amsa ta zo. Yaron bai ɗaga murya ba. Ya karanta sau biyu, ya dubi uban ya ce, "Baba, ni ma hoto ne?" Sati bai zagayo ba ya haɗa jakarsa ya tafi wani gari mai nisa. Yana kiran uwarsa, yana kiran Auta tun da ta yi waya, an ce ma yanzu tafkunan kifinsa sun kai goma. Shi da uban kuwa shekara goma sha huɗu ba su haɗa magana ba. A cikin zafin watan farko ne Baba Tsaf ya sauke hoton falo, ya kulle kansa a ɗaki da burushi, ya sauko wa ɗansa da labule.

Tun daga nan yake lallaɓa Auta. Ranar da ta ce harkar fim za ta karanta ya ji ƙaiƙayin har tafin ƙafarsa, amma ya tura hannu biyu aljihu ya ce Allah ya taimaka. Ita kuma ba ta taɓa ba shi wani abu nata ya riƙe ba. Takardunta ita ke kai su da ƙafarta. Ko ɗan hoton da ake liƙawa a katin makaranta wani shago take zuwa a ɗauke ta, a fito da ita da ƙurji a haɓa, ta liƙa abinta haka. Yana gani, yana jin ciwo, ba ya cewa komai. Tsoro yake ji, tsoron gaske, kada ita ma wata rana ta karanta wani abu sau biyu ta dube shi. Ita kaɗai ta rage masa.

Shi ya sa ranar wata Talata da hantsi, da ya ɗago ya gan ta tsaye a bakin teburinsa da jaka a kafaɗa, sai da ƙafarsa ta tsaya cak.

"Baba, aiki na kawo maka."

"Ni?" Ya waiga, kamar akwai wani Baban a bayansa.

Ta yi masa bayani a tsaye, da sauri. Ita da 'yan ajinsu sun haɗa fim ɗin ban tsoro, shi ne aikinsu na gama makaranta. Ranar Asabar da la'asar za a nuna a babban ɗakin taro. Wanda zai yi musu fosta kwamfutarsa ta mutu da komai a ciki. Suna son babbar fosta ta bakin ƙofa, da ƙananan takardu na rabawa, da wadda za a tura wa mutane a waya. Ta ajiye masa filas ɗin da hoton fostar ke ciki a tebur, ta sa yatsa ta danne shi kamar ba ta gama yanke shawarar bayarwa ba.

"Sunan fim a sama, Wanda Ke Bayanki. Rana da lokaci a ƙasa. Hoton kuma, Baba, kada a taɓa shi."

"Wa zai taɓa?"

"Baba."

"Na ji. Rubutu kawai."

Ta ɗage yatsan ta tafi aji. Shi kuwa ya bi shagon yana gaya wa kowa, har da wani da ya zo a buga masa takardar haya, cewa 'yarsa ta kawo masa aikin fim.

Da ya buɗe hoton sai murnar ta koma ciki. Wata yarinya ce tsaye a dogon lungun wani tsohon gida. Idonta ya faɗa, ƙasansa baƙi ƙirin, leɓenta ya tsage, ɗankwalinta ya zame gefe. Bangon duk tabon ruwa. Rabin hoton duhu ne, can baya kuma wajen wata ƙofa akwai wani dishi-dishi kamar an taɓa gilashin kyamara da hannun mai. Ya ce a ransa, yaran nan shekara huɗu ana koya musu, ko goge kyamara ba su iya ba.

Rubutun bai ɗauke shi awa ɗaya ba. Ya zauna ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinya. Ya tashi ya sha ruwa. Ya fita har bakin titi ya tsaya kallon motoci, ya dawo, hoton yana nan yana kallonsa. Ya share teburinsa da ba shi da ƙura. Ya sake fita ya sayo batirin da ba ya bukata. Wajen azahar ya ce ɗan haske kawai zai ƙara, don mutane su ga fuskar yarinyar, ai haske ba taɓawa ba ne. Da haske ya zo sai baƙin ƙasan idon ya ƙara fitowa, kuma 'yar mutane ce, iyayenta za su zo kallo. Ya share shi. Da ido ya gyaru sai leɓen ya zama abin kunya. Daga leɓe ya gangara ɗankwali, daga ɗankwali ya hau bango.

Mai Inji ya leƙo ta kafaɗarsa yana goge tawada a hannu. "Na ji kamar an ce kada ka taɓa."

"Ban taɓa ba. Gyarawa nake."

"To," in ji Mai Inji, ya koma wajen injinsa.

Dishi-dishin bakin ƙofa ne ya fi ba shi aiki, don har da wani abu kamar kai da kafaɗu gare shi. Ya bi shi a hankali ya shafe, ya zana wa ƙofar katakonta har da zanen jikin itace. Ya sa aka buga gwaji ɗaya, ya ɗaga sama, ya karkata kai, ya ce, "Tsaf!"

Washegari Auta ta zo da wanda ya ba da umarnin fim ɗin, wani siririn ɗalibi da suke kira Darakta, mai hular da ba ta barin kansa. Ya gaishe da Baba Tsaf har da rusunawa. Baba Tsaf ya warware gwajin a tebur ya ja baya yana jiran yabo. Darakta ya duba, ya toshe baki, kafaɗunsa suka fara rawa, daga ƙarshe dariyar ta ƙwace.

"Baba, ka yi haƙuri, wallahi ba da gangan ba ne. Tallan sabulun wanka ne wannan! Dubi yadda take sheƙi. Awa uku aka yi ana yi mata kwalliyar rashin lafiya." Ya matso da fuska, dariyar ta ɗauke. "Ina fatalwar?"

"Wace fatalwa?"

"A bakin ƙofa. Kwana biyu muna kunna hayaƙi muna kashewa kafin inuwar nan ta fito yadda muke so."

Mai Inji ya ƙara wa injinsa gudu don kada a ce yana ji. Auta ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta dubi fostar daga sama har ƙasa, ta sake dubawa daga sama har ƙasa, shi kuma yana ƙirgawa, sau biyu ke nan. Ta zare filas ɗinta daga jikin kwamfutar ta jefa a jaka.

"Ba komai, Baba. Laifina ne."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya bi su har bakin ƙofa yana cewa asalin yana nan, bai taɓa jefar da asali ba, minti biyu zai mayar. Ta ce ta sani, suna da nasu, za su nemi wani ya sa rubutun. Suka tsallaka titi.

Ya kasa zama a shagon. Ya kashe kwamfuta da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya kama hanyar gida a ƙafa, ya wuce kwanar gidan bai sani ba sai da ya dawo da baya. Matarsa tana ninke wanki a falo. Ta dube shi ta dubi agogo.

"Malam, lafiya? Ko shagon ya kama wuta?"

Ya gaya mata yana zagaye falon, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Ta saurara har ƙarshe tana ninki.

"Ta ce kada ka taɓa?"

"Ta ce."

"Ka taɓa."

"Yarinyar kamar an tono ta daga rami fa!"

"To ai fim ɗin tsoro ne, Malam, ba katin biki ba. Zauna don Allah, kana sa ni jiri."

Bai zauna ba har la'asar, da Auta ta dawo. Ta yi sallama ta nufi ɗakinta. Ya tsaya mata a hanya, sai kuma ya ga tsayawar ta yi kama da tarewa, ya matsa gefe.

"Auta, ban zo in kare kaina ba. Na yi laifi. Amma tambaya ɗaya zan yi miki, don Allah ki amsa mini. Shekara arba'in da 'yan kai abin da nake yi ke nan, in ga abin da ke damun ido in kore shi. Ban san yadda ake gayyato shi ba. Mene ne abin tsoro a hoto? Ki koya mini."

Ta dube shi. Sannan ta ajiye jakarta, ta je gaban talabijin, ta yi ɗage ta sauko da hoton iyalin. Ta miƙa masa, ta sa farce a kan gilashin, daidai kafaɗar 'yar yarinya mai farar riga.

Yatsu huɗu ne a wurin. Dogaye, sun sauko ta bayan kafaɗar sun ɗan kama rigar. Ba tafin hannu, ba damtse, ba kowa a baya sai labule.

"Ina shekara bakwai na gan su," in ji Auta. "Na dawo daga makaranta na ga babu Yaya a hoto, ga hannunsa a jikina. Na ɗauka mutuwa ya yi kuka ɓoye mini. Shekara biyu in zan wuce falon nan da gudu nake wucewa, ina share kafaɗata. Ka tambaye ni abin tsoro, Baba. Ni ban taɓa ganin wanda ya kai wannan ba, kuma kai ka yi shi."

Baba Tsaf ya zauna a hannun kujera. Kunya ta rufe shi, da wani baƙin ciki da ya daɗe yana zagaye shi bai samu ƙofa ba.

"Na ɗauka ba wanda ya lura," ya ce.

"Kowa ya lura," in ji matarsa daga inda take. "Har mai gyaran talabijin sai da ya tambaye ni."

"Ba mantuwa ba ce." Yana magana yana goge gilashin da gefen rigarsa. "Na gama kai, na gama jiki, na sauke labule. Saura yatsun. Rigarki fara ce, minti biyar sun ishe ni. Sau uku ina tsoma burushi ina ajiyewa. Na ce gobe."

Can Auta ta ja numfashi ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta ciro wayarta tana lalube.

"Akwai wani hoton da muka ƙi," ta ce. "Dariya yake ba mutane."

Ta nuna masa. Yarinyar nan ce dai a lungun nan, amma yanzu wani dogon ɗalibi na tsaye a bayanta, an lulluɓe shi da zanin gado, an bula masa hoda a fuska, ya dafa kafaɗarta da hannu ɗaya. Ya zaro ido iya ƙarfinsa, ga kuma agogo a hannunsa ya manta bai cire ba. Baba Tsaf ya duba, ya dubi hoton da ke cinyarsa, ya dubi 'yarsa.

"Zan iya," ya ce. "Amma sai kina zaune."

Ranar Alhamis tun da aka buɗe shago suna lungun nan su biyu, ita a kan kujerar roba, gwiwarta tana gugar gwangwanayen biskit. Bai taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba, ba don cirewar ba, wannan ko ido rufe zai yi. Tambayar ce sabuwa a bakinsa.

"In cire kan?"

"Cire."

"Zanin gadon?"

"Cire."

"Agogon dai ai dole."

"Har wuyan hannun. Yatsun kawai."

Ya cike gurbin da duhun lungun, ba katako mai kyau, ba bango mai fenti. Sau biyu hannunsa ya zame da kansa ya nufi tsagar leɓen yarinyar, Auta ta dafa linzamin kwamfutar ta ce, "Baba." Ya janye ya tura hannun ƙarƙashin cinya, ƙafarsa tana kaɗa teburin har ruwan kofinta yana zuba. Da aka zo rubutu ya ce a ganinsa kada a sa ja mai ɗiga kamar jini, kowa shi yake yi, a sa ƙananan haruffa farare a can ƙasa don ido ya gama yawo a hoton kafin ya same su. Ya faɗa ne ya yi shiru yana jira. Ta yi tunani ta ce, "Gwada mu gani." Suka gwada, ta ce a bari haka. Wannan 'yar kalmar ta yi masa daɗi fiye da duk yabon da ya sha a sana'arsa.

Mai Inji ya zaro babbar fostar daga inji ya shimfiɗa. Ya duba ya ce, "Ina abin tsoron? Yarinya ce kawai a tsaye a..." Sai idonsa ya sauka kan yatsun. Ya ja baya taku ɗaya.

"Ba ka ce tsaf ba," ya ce wa abokinsa daga baya.

"Bai yi tsaf ba. Haka masu shi ke so."

Bayan Auta ta kwashi kayan ta tafi, Baba Tsaf ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya jawo gwangwani na shida. Bai yi lalube ba, ya san inda ambulan ɗin yake. Ya sa shi a aljihun gaban rigarsa. Ya kwana biyu yana yawo da shi, in ya canza riga ya canza masa aljihu, bai san me zai yi da shi ba.

Ranar Asabar ya riga masu share ɗakin taron zuwa. Auta ta ajiye musu kujeru a gaba, matarsa ta shiga ta zauna, shi ya ce zafi ya yi yawa a ciki. Gaskiyar ita ce ba zai iya zama awa ɗaya da rabi ba, kuma shi fim ɗin tsoro tsoro yake ba shi. Ya tsaya a jikin wani ginshiƙi yana kallon masu kallon fostar. Sai su zo su karanta rana da lokaci, su juya za su shiga, sai ka ga mutum ya tsaya ya dawo. Wani ya kira abokinsa ya nuna masa da yatsa. Wata yarinya ta kai hannu ta share kafaɗarta ba ta ma san ta yi ba. Ɗakin ya cika har ana tsayuwa a baya. Darakta ya wuce a guje, ya dawo ya kama hannun Baba Tsaf da hannu biyu, ya sake rugawa.

Da aka kashe fitilun ciki, ihun farko ya tashi, sai ga Auta ta fito da waya a hannu. Ta jingina da ginshiƙin kusa da shi.

"Na tura wa Yaya fostar," ta ce.

Ƙafarsa ta fara. "Me ya ce?"

Ta karanta masa. "Ya ce, har yanzu Baba bai iya goge hannu ba?"

Wani abu ya fito daga bakin Baba Tsaf, rabi dariya rabi wani abu daban. Ya juya mata baya ya yi taku biyar, ya dawo. Ya zaro ambulan ɗin, ya ciro negatif ɗin ya ɗaga shi saitin hasken yamma. Mutum huɗu ne a jiki, farar rigar Auta ta koma baƙa, gashinsu fari, dogon yana tsaye a bayan ƙaramar.

"Ki tambaye shi," ya ce. "Ki ce asalin yana nan. Ki tambaye shi ko in mayar da shi. In ya ce a'a, ba zan taɓa ba."

Ta rubuta, ta tura. Ya ce ta duba ko saƙon ya shiga. Ta ce ya shiga. Ya zagaya ginshiƙin. A ciki aka sake yin ihu, wata ta kira sunan uwarta. Ya tambaya ko Yaya ya karanta, ta ce ya karanta. Ya ga wani zare ya fito a hannun rigar Auta, hannunsa ya tashi, ya mayar da shi aljihu. Ya je bakin matakala ya ƙirga su, goma sha ɗaya ne, ya dawo.

Wayar ta yi ƙara. Auta ta duba, ta ciji leɓe, idonta ya kawo ruwa.

"Faɗi mana!"

"Ya ce ka mayar." Ta share ido da bayan hannu. "Ya ce amma ka bar masa tabon goshinsa."

Baba Tsaf ya sake ɗaga negatif ɗin, ya matso da shi kusa da ido. Tabon yana nan saman girar hagu, ɗan ƙaramin farin layi, inda yake tun yaron yana shekara huɗu.

"Ki ce masa na ji," ya ce. Ta fara rubutawa, sai ya miƙa hannu, ya tsaya bai kai ga wayar ba. "Ko kuwa... in babu damuwa, ki kira shi. Ni zan faɗa masa."